Furar da na ba Baba kafin a leƙa cikinsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin zuwa jibi kawai nake da lokaci. Na daɗe a gurup ɗin nan ina karanta na mutane ina cewa Allah ya kyauta, yau ga shi layi ya zo kaina.

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kai ni Kalgo, yanzu na haura hamsin har da jikoki. Abin da zan faɗa ya faru ne cikin shekarun casa'in, ba a jima da ba mu jihar Kebbi ba, lokacin ina goyon fari. Babanmu malamin zaure ne, duk wanda ɗansa ya kwana da zazzaɓi a unguwarmu gidanmu yake sammako da kwano karɓar rubutu. Yana da olsa tun ina ƙarama, kanwa yake jiƙawa ya sha in ta motsa, ga ƙwayar ciwon gwiwa da yake saye wajen masu talla ranar kasuwa, babu mai iya hana shi. Wata rana yana alwalar azahar sai ya yi aman jini, har ya ɓata gaban rigarsa.

Yayanmu shi ne namiji ɗaya a ɗakinmu, kuma a lokacin yana aiki a wani asibitin sha-ka-tafi, don haka shi ya tsaya kai da fata sai an kai Baba babban asibiti a Sakkwato. Inna, wato mahaifiyarmu, ba ta so ba ko kaɗan, cewa take a bar shi ɗakinai, mi za a yi mishi can da ba a iya yi gida. Sun yi ta ja, daga ƙarshe Yaya ya nemo mota ya ɗauke shi, Inna ta bi su tana faɗa.

A can aka yi masa ƙarin jini, aka ce washegari da hantsi za a zura masa wani bututu mai fitila ta baki a leƙa cikin, a ga inda jinin yake fita. Yanzu kowa ya san endoskofi, a lokacin kuwa ko sunan ba mu taɓa ji ba. Yaya ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla, ya ce magani biyu za a ba shi kafin aikin. Ɗaya a cikin ruwan da aka rataya masa, mai rage tsamin ciki don wurin ya samu ya daskare. Ɗayan allura ce da ake yi gab da shiga, ita ke tura jinin da ya taru a ciki ya yi ƙasa don likita ya samu ya gani. Sharaɗin ɗaya ne, kada komai ya bi ta bakinsa, ko ruwa. Nas ta faɗa, Yaya ya maimaita, ina zaune na ji da kunnena. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya tausaya mini ya ce ban sani ba.

Ni kuwa na zo daga Gwandu da kaya, kun san mu ba ma zuwa dubiya hannu biyu. Akwai fura da nono na masu jinya, akwai kwalbar rubutu da aminin Baba ya yi masa ya ce a kai. Da safen Yaya ya bi nas don sa hannu a takarda, Inna ta fita wanke zannuwa, aka bar ni da shi. Leɓensa duk ya tsage. Ya kalle ni ya ce, “Ɗiyata, rubutun nan nika so. In tahiya ce, in tahi da shi cikin cikina.” Na ce Baba an hana. Ya ce, “Shekara arba'in ina ba mutane, yau ni za a hana ma? Ki ɗan dama min hura bisa, maƙoshina ya bushe.”

A gidanmu ba a ce wa Baba a'a, ban taɓa ganin wanda ya gwada ba. Na ba shi rubutun ya sha, sannan na dama masa furar cikin kofin silba, da kauri kamar yadda yake so, ya shanye tas, ya sa mini albarka. Na tura kofin ƙarƙashin gado.

Ba a jima ba aka zo aka yi masa allurar. Sai wuyansa ya sanƙare, idonsa ya yi sama, Inna ta fasa salati. Nas ta ce yakan faru da wasu, aka yi masa wata, cikin ɗan lokaci ya saki ya dawo daidai yana magana. Aka tura shi ciki, ko minti sha biyar ba a yi ba aka fito da shi. Likita ya ce cikin cike yake da abinci, bai ga komai ba, kuma ci gaba a haka haɗari ne. Ya tambaya wa ya ba shi. Inna ta rantse ba wanda ya ba shi, Yaya ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Baba ya dube ni sau ɗaya ya rufe ido. Aka ɗaga aikin zuwa gobe, goben da bai gani ba, domin bayan la'asar jinin ya sake ɓallewa, kafin magariba ya cika.

Abin da Inna ta gani da idonta shi ne wuyan da ya sanƙare, shi ta riƙe. Tun a wurin zaman makoki ta ce wa Yaya, “Kai kas sa hannu, allurarka ita tak kashe Malam.” Daga ranar gaisuwa kawai take amsa masa. Kowace kaka yana aiko mata da gero da shinkafa, ta karɓa ta rabar, ba ta taɓa sa hatsinsa a bakinta ba. Sunan 'ya'yansa ba ta je ko ɗaya ba. Ni kuma na zama 'yar lele, da ƙarfinta ya ƙare ma wurina ta zaɓa ta dawo Kalgo. Duk wanda ya zo sai ta ce masa ni ce na yi wa Malam jinya ta gaskiya. Shekara talatin ina jin wannan yabo, wallahi na gaji da shi fiye da yadda zan gaji da zagi.

Na san ajali ne, don Allah kada ku cika mini komen da wannan, na faɗa wa kaina har ya daina shiga. Na taɓa tambayar wani likita a fakaice, ya ce mai yiwuwa ko an leƙa ba a tsayar da jinin ba, Allah kaɗai ya sani. Kuma ba rubutun nake zargi ba, furar da hannuna ya dama nake zargi.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne Inna. Ita ma gwiwa ta sa ta shan irin ƙwayoyin nan na Baba a ɓoye, makon nan ta fara baƙin bayan gida, shekaranjiya ta yi aman jini. Muna asibiti a Birnin Kebbi, Yaya ma ya zo. Ta yarda da ƙarin jini, amma da ta ji za a leƙa cikinta kuma akwai maganin da ake bayarwa kafin a shiga, sai ta ce ko gawarta ba za a yi wa allurar da ta kashe Malam ba. Sau biyu tana fizge robar hannunta. Likita ya ce jinin ya ɗan lafa amma ba tabbas, tana cikin hankalinta ba zai yi mata dole ba, in zuwa jibi ba ta amince ba sai dai mu sa hannu mu tafi da ita gida.

Jiya na ja Yaya bakin baranda, ya tsufa shi ma, gemu duk fari. Na fara magana ina kuka, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, “Na san da hurar. Ni niw wanke kohin kahin Inna ta gani.” Ashe tun ranar ya sani. Ya ce ya duba ya ga ina da jariri ga sabon aure, shi kuma namiji ne zai iya ɗauka. Ya ce kada in kuskura in faɗa mata, domin ni kaɗai na rage wadda take jin maganarta, in ta juya mini baya babu mai sake ba ta ko fanadol. Na ce to in ban faɗa ba ai ba za ta yarda da allurar ba. Ya ce shi ma abin da ya hana shi barci ke nan.

To 'yan uwa ga inda nake. In na faɗa, wataƙila ta gane ba allura ce ta hana a ceci Baba ba, ta yarda a yi mata, ta kuma yafe wa ɗanta tun tana da rai. Wataƙila kuma zuciyarta ta kasa ɗauka, ko ta haɗa mu duka biyu ta tsine, ta ƙi maganin gaba ɗaya. In na yi shiru, zan mayar da ita Kalgo in zauna ina jiran jinin ya sake ɓallewa, kamar yadda na zauna wancan karon. Ma'aikatan lafiya na cikinmu, akwai wata hanyar da ake bi da tsoho irin wannan? Malamai, shirun nan nawa ya halatta kuwa? In faɗa mata ni kaɗai, ko in sa Yaya ya zauna?

Masu zagi ku yi, na riga ku. Amma ku haɗa da shawara, domin ɗazu da zan fito ta riƙe hannuna ta ce, “Ke kaɗai ka jin tausaina. Gobe ki damo min hura mai kauri, irin wadda Malam ka so, kada ki bari yayanki shi gani.” Na ce mata to. Don Allah me zan kai mata gobe?