Awon Gonar Mbamoi

Shagari Low Cost, Jimeta
12 ga Maris, 1996

Adda Zulfa,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji kin yi fushi, shi ya sa na rubuto. Yayanmu Hamma Lado ne ya ce in auna gonar Baba da kike nomawa. Na ɗauko ƙarfen awon taurin ƙasa na ofis, mai agogo a kai, na soka wuri ashirin. Ko'ina allurar agogon sai ta hau ja, ƙarfen bai shiga taƙi ɗaya ba. Na rubuta cewa saiwa ba za ta ratsa ba, na buga hatimin ofis. Ban ce a sayar ba. Hamma ne ya kai wa masu yanka filaye takardar.

Ƙanenki,
Salihu

Mbamoi, 15 ga Maris

Salihu,

Lafiya lau. Tafiyar rabin awa ce tsakaninmu, amma ka aiko takarda, don ka san abin da zan gaya maka. A tsakiyar rani ka zo kana sukar ƙasa, lokacin da ko diga tsalle take yi. Shekara goma sha takwas ina cin masara daga ƙasar da agogonka ya ce ta mutu. Ashe malamin gona ake ce da mai irin wannan aiki. Ranar da aka yanka gonar, sai ka turo agogon ya ciyar da 'ya'yana.

Adda

Jimeta, 20 ga Mayu

Adda,

Ina gaisuwa. Jiya na koma gonar ba ki nan, kwana ɗaya bayan ruwan sama. Ƙarfen ya shiga kamu guda, allura ba ta bar kore ba sai a bakin hanya, inda tarakta ke juyawa. Ƙa'idar awon ita ce sai ƙasa ta jiƙa. Na duba littafin da nake rubuta al'amurana kullum, na tarar ni da kaina na rubuta haka tun kwas ɗinmu na farko.

Na kai wa Hamma sabon sakamakon. Ko karantawa bai yi ba, ya ce na farkon ya ishe shi. Ya kuma tuna mini cewa na buga hatimi ba da izinin oga ba, idan na yi surutu aikina zai tafi. Ranar Juma'a Bappa Bakari, ɗan'uwan Baba, zai yanke magana kan sayar da gonar. Ban san yadda zan yi ba.

Salihu

Mbamoi, 21 ga Mayu

Salihu,

Ka san yadda za ka yi, tsoro ne kawai. Bappa ba ya karanta boko, baki yake saurare. Ka zo ka tsaya gabansa da gaban Lado ka ce, "Ni na yi kuskure." Idan ba za ka iya ba, zauna ka rubuta a littafin naka cewa ka ji kunya.

Adda

Mbamoi, 25 ga Mayu

Salihu,

Ka fita tun ba a tashi daga zaman ba, to ga yadda aka ƙare. Bappa ya ce ba za a sayar ba. Lado ya rantse Litinin zai je wurin oganka. Amma dai ka faɗa, har matan cikin gida sun ji.

Gobe shuka. Ka zo da wuri ka riƙe igiya, tunda miƙe layi kam ka iya.

Adda