Raɗa ta cinye mini murya, ga bikin Aisa ya matso

Anti Lauratu, don Allah ki taimake ni. Na zauna na tashi, na fita tsakar gida na dawo, na rasa inda zan sa kaina, shi ne na ce bari in rubuto miki. Muryata ce take neman gudu ta bar ni, kuma ta zaɓi lokacin da ba ni da halin rasa ta.

Ni budurwa ce, a unguwar Mafoni muke zaune, cikin Yerwa, babban birnin Borno. Iyayena mutanen Kano ne, amma a nan aka haife ni, ina jin Kanuri daidai gwargwado. Tun ina Islamiyya ni ake sa wa a gaba idan za a rera waƙe ranar sauka. Da na girma matan unguwa suka riƙa kirana wajen wuni da suna, in rera musu su yi tafi. Ba sana'a na ɗauke ta ba, so ne kawai.

Da gari ya rikice, Baba ya hana waƙa a gidanmu. Ba na ganin laifinsa. Katangarmu gajera ce, kuma ke ma kin san yadda aka kai, mutum bai san wanda ke tsaye a bayan katangarsa yana saurare ba. Ko rediyo cewa ya yi a rage. To ni kuma bakina ba ya iya zama shiru, sai na koma raɗa. Ina wanke-wanke ina rerawa da raɗa, ina ninke kaya ina rerawa da raɗa. Har murna nake yi a raina, wai Baba bai ji ba, muryata kuma tana hutawa, ranar da aka samu lafiya sai in fito da ita sabuwa dal.

Na manta ban gaya miki sana'ar Umma ba. Turaren wuta take haɗawa, na amare musamman. Ɗakin da nake kwana shi ne na can ƙurya, kuma a nan take gwada kowane haɗi: ta zuba a kasko, ta rufe ƙofa da taga, ta rataye mayafi don ta ga yadda ƙamshin zai kama shi. Ni ma a nan nake ɓuya in yi waƙata, don shi ne ya fi nisa da katanga. Idan na yi tari Umma takan yi dariya ta ce hayaƙin hawi da kajiji buɗe maƙoshi yake yi, wai shi ya sa matan Borno suka fi kowa zaƙin murya.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ina da ƙawa, Aisa. Daga Bama suka gudo da iyalin kawunta lokacin da garin ya faɗi, suka kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. A hanya suka rabu da mahaifiyarta. Har yau babu wanda ya ce ta rasu, babu wanda ya ce ya gan ta. Ƙarshen watan gobe za a ɗaura auren Aisa da Tahir, wani tela a nan Yerwa, kuma tana son sa sosai, har tsokanarta nake yi cewa ɗinkin kyauta ta bi.

Mahaifiyarta tana da wata waƙa da take rera wa kowace amaryar zuriyarsu, a daidai lokacin da ake naɗa mata lafaya za a fita da ita. Aisa ta riƙe hannuna ta ce ni take so in rera mata. Ita ta koya mini, kuma ita ma da raɗa, domin da ta ɗaga murya sai kuka ya ƙwace. Banda haka ma, ita da kanta takan ce idan ta rera waƙa da ƙarfi awakin unguwa sai sun tsinke igiya. Ban taɓa jin waƙar a fili daga bakin kowa ba.

Ran nan Baba yana kasuwa, Umma ta tafi kai wa wata mata turare, sai na ce bari in gwada ta da cikakkiyar murya. Anti, abin da ya fito ba ni ba ce. Farkon ya fito da ƙyar kamar na haɗiyi yashi. Da na iso wurin da waƙar ke hawa sama, inda ake kiran sunan amarya, sai iska kawai. Na sake, iska. Na yi kakari na sake, har maƙoshina ya yi zafi.

Tun daga ranar babu abin da ban sha ba. Ɗanyen ƙwai da safe, zuma da citta, alawar nan mai sanyaya maƙoshi kuwa kullum tana bakina. Na daina magana da ƙarfi gaba ɗaya, ko da Umma raɗa nake yi don in adana abin da ya rage. Amma kullum ƙara dashewa take yi, ga shi an doshi wata guda.

Ban gaya wa Aisa ba. Jiya ta shigo ta nuna mini lafayar, tana cewa har ta ba ƙannen ango labarin muryata. Na yi murmushi na ce mura nake yi. Shin in ce ta nemi wata? Wa za ta nema? Ko in ce Umma ta daina turare, alhali tun da cinikin Baba ya ja baya da shi muke ci, kuma turaren Aisa ma ita ke haɗa mata kyauta? Ko in saɓa wa Baba in riƙa gwaji da ƙarfi? Yarinyar nan ta rasa gida ta rasa uwa, abu ɗaya ta roƙe ni. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Taki,
Mai raɗa a Mafoni

Amsa

Ƙanwata, ki zauna tukuna ki sha ruwa. Da gaske nake, da ruwan za mu fara.

Kuskuren da kika yi, mutane da yawa suna yin sa, har da masu waƙa da malaman makaranta: sun ɗauka raɗa hutu ce ga murya. Ba haka ba ne. A cikin maƙoshinki akwai wasu tantani biyu masu laushi, su ne ke haɗuwa su kaɗa idan iska ta bi ta tsakaninsu, sautin ya fito. Idan kina raɗa, musamman raɗa mai ƙarfi irin ta mai son a ji waƙa, ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Naman wuya ne ke ɗaurewa yana matsa iska, iskar kuma tana busar da su. Shekarun nan da kika ɗauka kina tara murya, aiki kike sa ta a karkace. Daga yau ki bar raɗa. Ki yi magana da muryarki ta ainihi, a hankali, kaɗan kaɗan, kamar mai magana da wanda ke zaune kusa da ita. Idan kin gaji, ki yi shiru gaba ɗaya.

Sai hayaƙi. Ina girmama Umma da sana'arta, ni ma ɗakina ba ya rabuwa da kasko. Amma hayaƙi hayaƙi ne ko da na sandal ne, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki yana busar da maƙoshi ya sa shi kumburi. Ba sai ta daina sana'a ba, kuma kada ki je mata da zargi. Ki roƙe ta ta mayar da gwajin wani ɗaki har bayan biki, ko kuma ke ki kwashe shimfiɗarki ki koma inda iska ke shiga. Uwar da ke haɗa wa Aisa turare kyauta ba za ta ƙi a matsar da kasko saboda waƙar Aisa ba.

Ɗanyen ƙwai ki bar shi, hanyar ciki yake bi, ba ya ko taɓa inda murya take. Zuma a ruwan ɗumi tana sanyaya rai, ba laifi. Alawar kuma tana rufe zafin ne kawai, sai ki ci gaba da matsa wa wurin da ke ciwo ba ki sani ba. Kakari ma ki daina; idan kin ji abu ya tsaya, ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Ki yawaita shan ruwa duk wuni, ki riƙa yin surace da ruwan zafi zalla, ba tare da kin zuba komai a ciki ba. Idan kina fama da ƙwannafi, ki rage yaji da maiƙo, kuma kada ki kwanta da ƙoshi. Tun da dashewar ta wuce mako uku, ki je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani, a wannan makon. Sau da yawa kumburi ne da ke sauka da hutu, amma ido ne zai tabbatar, ba ni ba.

Game da Baba, tsoronsa ba na banza ba ne, kuma ba zan ce ki saɓa masa ba. Abin farin ciki shi ne gwajin da muryarki ke buƙata yanzu ba ya tsallake katanga. Na tambayi ƙawata Agnes, wadda ta daɗe tana horar da mawaƙan cocinsu a unguwar Jiddari Polo, ta ce da abu biyu take farfaɗo da muryar da ta gaji. Na farko, ki rufe baki ki riƙa fitar da sauti ta hanci a hankali, har ki ji leɓɓanki suna ɗan kaɗawa. Na biyu, ki sami tsinken shan lemo da kofi mai ruwa zuwa rabi, ki tsoma bakin tsinken kaɗan, ki hura kina fitar da sauti, ruwan yana ɓulɓula. Ki hau sama a hankali ki sauko, kamar mai lilo. Wannan yana sa tantanin nan su haɗu ba tare da an matsa musu ba. Kaɗan za ki yi, ki huta, ki sake anjima. Da kin ji zafi ki tsaya. Ki kuma lura da numfashinki: ki ɗora hannu a ciki, shi ya kamata ya taso idan kin ja iska, ba kafaɗu ba.

Akwai wani abu a wasiƙarki da ya tsaya mini a rai. Kin ce ba ki taɓa jin waƙar a fili ba. To wa ya ce miki can sama take farawa? Raɗa ba ta nuna tsayin sauti. Ke kika zaɓa mata wuri, kuma ina zargin kin kai ta inda ko lafiyayyar murya sai ta sha wuya. Ki fara ta ƙasa, daidai inda kike magana, sai wurin kiran sunan ya zo miki kusa. Sannan ki nemi matar kawun Aisa ta haɗa ki da dattijan matan Bama da ke garin nan. Waƙar da aka rera wa kowace amaryar zuriya ba za a rasa waɗanda suka san ta ba. Ki ji ta daga bakinsu, ki roƙe su su karɓa miki amshi ranar. Duk inda suka amsa, ke kin sami numfashi. A rera a tsakar gida da rana, kasko yana can gefen da iska ke tafiya da hayaƙin. Ki sanar da Baba wannan tsari tun yanzu: mata ne zalla, cikin gida, ba lasifika.

Kuma ki gaya wa Aisa gaskiya, yau ba gobe ba. Ba don ta nemi wata ba, don ta daina jin labarin mura. Ba zan yi miki alkawarin muryarki za ta dawo kamar ta ranar sauka kafin ƙarshen watan gobe ba. Wataƙila ta dawo, wataƙila ta zo da ɗan kaushi. Wataƙila ma a wurin kiran sunan ta sake rawa, domin ba hayaƙi kaɗai ke shaƙe maƙoshi ba, kuma kin san wadda ya kamata a ce tana tsaye a wurin. Idan ta yi rawa, ki bar ta ta yi. Aisa ba gwanar mawaƙiya ta nema ba, akwai su a gari. So take a kira sunanta da waƙar mahaifiyarta, daga bakin wadda ke ƙaunarta, a fili, kowa ya ji.

Yanzu ki ajiye jaridar nan, ki ɗauko kofi da tsinke. Ki buɗe taga. Ki hura layin farko na waƙar cikin ruwan, a hankali, ki ji yadda maƙoshinki zai saki. Idan Aisa ta shigo ta same ki kina ɓulɓula ruwa kamar yarinya ta yi miki dariya, to ga ƙofar maganar nan ta buɗe, sai ki faɗa mata.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanya albarka a auren Aisa da Tahir, ya bayyana mahaifiyarta cikin aminci, ya kuma kawo mu ranar da za ki rera waƙa a tsakar gidanku Baba yana zaune yana ji.

Anti Lauratu