Jan Ulun Talatu

Laraba, da dare

"Duk ragowar ulun shagona naki ne, Anti, ko sili ɗaya ba zan taɓa ba." Haka Talatu ta ce a gaban matan zumunta na cocinmu. Yau na je har Sabon Tasha, na tarar ta cusa shi duka a filo, tana zaune a kai. Wai ba ta zaci da gaske zan zo karɓa ba.

Ban ɗaga murya ba. Faifan da nake saƙa wa 'yata Rifkatu na aurenta ya tsaya a rabi, kuma babu jan ulu irin na Talatu a kasuwa.

Na ba Talatu zuwa Asabar ta farke filon. In ta ƙi, zan warware jar suwaitar da ta saƙa mini da irin ulun nan da Kirsimeti, in ƙarasa faifan da ita.