Ƙarfen da na ɗauke daga moton ɗana

Sallama gare ku da masu karatu. Tsohuwa ce ni a nan Diffa, ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini. Don Allah ku saurara har ƙarshe kafin ku zage ni.

Marigayi mai gidana yana da wani tsohon moto, wato babur, tun muna ƙauyenmu kusa da Baroua. Da shi yake zagaya gonar tattasai a bakin Komadugu. Da aka hana hawan moto, sai ya kwance shi gunduwa-gunduwa ya zuba a buhuna. Da tashin hankali ya koro mu, da buhunan muka gudo. Bai sake ganin gonarsa ba, Allah ya karɓe shi.

To, ɗana na fari, ma'aikacin biro ne, wato ofis, ’ya’yansa ƙanana, shi ya buɗe buhunan nan bara. Kowace la'asar yana ƙarƙashin iccen bedi, yana kankare tsatsa, yana wanke ƙarafa da esansi, wato fetur, yana shafa fenti, har abu ya dawo kamar ranar da aka sayo shi. Ba kabu-kabu zai yi ba, ƙauna ce kawai. Ni ma har daɗi nake ji.

Sai ran nan injin ya yi tari, ya kusa tashi. Ɗana ya yi dariya ya ce, "Inna, ranar da ya tashi, gonar Baba zai fara kai ni." Na ce, "Kai, ka san waɗanda ke cikin dajin nan? Wa ya je ya dawo da daɗin labari?" Ya ce, "Inna, lafiya ta samu. Kallo ɗaya zan yi in juyo."

Jama'a, wace uwa ce za ta ji wannan ta iya cin tuwo? Washegari yana fita biro na je na ɗauke wani ƙarfe da ya kwance ya ajiye a faranti, bai fi dunƙulen hannu ba, wai karbirato. Na naɗe shi a zane na tura cikin kwallar turaren wutata. Na ce shi ke nan, moto ya mutu, ɗana ya tsira.

Ashe ban san me na yi ba. Ya birkice gida, ya tsare jikokina da tambaya har ƙaramar ta yi kuka, ina zaune ina jan carbi. Wallahi kunyar yarinyar nan har yau tana cina. Ya zagaye bakanikan Diffa, kowa ya ce an daina yin irinsa. Sai wani ya gaya masa akwai tsohon da ke tara irin waɗannan ƙarafa a Damasak, ƙetaren kogi. Jibi zai shiga mota ya bi hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a baki.

In na mayar masa, moto zai tashi ya kai shi daji. In na yi shiru, ni na tura shi ƙetare da hannuna. Kuma da wane ido zai dube ni in ya ji ni ce?

Ɗazu ya leƙo ɗakina ya ce, "Inna, ki daka mini dakuwa ta guzuri, ki sa mini albarka." Na ce to. Gyaɗar tana turmi, har yanzu ban ɗaga taɓarya ba. Ku gaya mini kafin jibi, me zan yi?