Ƙofar Silin da Auta Ya Toshe

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda, ita ba ka da maɓallin kashe ta.

Na san labari ya iso maka a taƙaice, to bari in ba ka shi dalla-dalla. Ranar da aka yi ruwan nan da rana, Mama ta fita kwaso shanya, kafin ta dawo silin ɗakinta ya rufto a kan gado, har da fanka. A wannan lokacin ta saba kishingiɗa. Da ba don shanyar nan ba, da yanzu zaman makoki muke yi. Na ɗauko ta, tana wajena.

Na kira kafinta ya hau rufin. Magudanar ruwa ta cika da ganye da ƙasa, har wani tsiro ya fito a ciki ya kai gwiwa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya riƙa komawa ƙarƙashin kwano. Katako ya ruɓe, abin da ya yi saura gara ta ƙarasa. Ya ce bari ya leƙa ta ciki, ya zagaye gidan yana neman ƙofar silin, babu. Sai na tuna kai ka sa aka toshe ta lokacin da ka yi sabon silin, wai tana ɓata tsari.

Tabon nan na saman gadonta kuma, sau nawa ya fito kana turo mai fenti? Gida yana gaya maka ba shi da lafiya, kai kana shafa masa hoda. Wallahi raina a ɓace yake, ban taɓa jin haushinka irin wannan ba.

Ka gaida matarka da yara, su ba su yi min komai ba.

Yayarka.

*

Wa alaikumus salam Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa kamar yadda aka koya min, ko da yake takardarki ba ta bar min wurin tsayawa ba.

Na daina ɗaukar waya ne saboda ba magana kike yi ba, shari'a kike yankewa. Ni ma uwata ce. Na je na ga ɗakin da idona.

Amma tunda tone-tone ake yi, bari mu tona tare. Wa ya ce ƙofar silin nan kamar ta akurkin kaji? Ke. Wa ya ɗauki hoton falon bayan an gama aiki ya rarraba wa dangi? Ke. Duk mako kina gidan, kina zama a bakin gadon nan kina shan shayi, tabon yana saman kanki. Idonki bai ɗagu ba sai yau? Ni ko ba komai na turo mai fenti. Gidan nan kuma tun tasowarmu bai taɓa yoyo ba, ko ɗigo. Ta ina zan zargi rufin da bai taɓa ba mu kunya ba?

Sannan kin ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa kin kai ta saman bene. Jiya ta kira ni, ta ce tun zuwanta ƙafarta ba ta taka ƙasa ba, ta taga take kallon mutane. Muryarta ba ta yi min daɗi ba. Na riga na yi magana da masu silin, za su buga sabo, a share ɗakin, in zo in mai da ita gidanta.

Allah ya huci zuciyarki.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, a gajarce.

Sabon silin! A kan wane katakon za su buga shi? Wanda kafinta ya danna da yatsa ya zube kamar gari? Har yanzu abin da ido ke gani shi ne damuwarka.

Ka ce gidan bai taɓa yoyo ba. Na tambayi Mama dalili, ta dube ni kamar na tambaye ta sunana. Ashe duk gabatowar damina Baba yakan hau ya share magudana, ya bi ƙusoshin kwano, ya shiga ta ƙofar silin nan da fitila yana ƙwanƙwasa katako. Mu muna ganinsa a sama sai mu ce eriya yake gyarawa. Tun rasuwarsa ba wanda ya sake hawa.

Kuma ba rufin ne kaɗai ba. Na kawo mai gyaran wuta, ya ja firji ya nuna min soket ɗin baya, ya yi baƙi ƙirin, wayar ta fara narkewa. Murfin tankin ruwa iska ta ɗauke shi ban san tun yaushe ba, abin da aka tsamo a ciki ba zan rubuta ba. Da wannan ruwan take dafa abinci. Bututun bayan wanka yana tsiyaya a gindin bango, shi ne warin da kake saya wa turare.

Saboda haka ka ji da kyau. Mama ba za ta koma gidan nan ba. Gara ta yi kallon taga a wajena da in je in tono ta a ƙarƙashin fentinka. Na yi magana da dillali, a gyara abin da zai gyaru a zuba 'yan haya. Ban gaya mata ba tukuna, kai ma ka riƙe bakinka.

Ka huta lafiya.

Yayarka.

*

Assalamu alaikum, ke da ƙaninki,

Ina gaishe ku, Allah ya yi muku albarka. Takarda ɗaya ce, wanda ya fara karantawa ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Dillalin ya kira ni yana tambayar yaushe zan kwashe kayana. Ashe haka ake yi yanzu, gidana, ina raye, sai a bakin baƙo zan ji.

Ku daina jifan juna da laifi, ya ishe ku ku biyu. Na gaya miki ina jin ƙas-ƙas a sama, kika ce ɓera ne, in dawo wajenki in huta. Na gaya maka ɗakin yana warin danshi, ka turo fenti. Ba wanda ya ce min, Mama, bari in zo in duba.

Na dawo gidana da safiyar nan, matakalar benen ma da kaina na sauko. Kafinta ya ce ƙaramin ɗakin kusa da kicin lafiyarsa ƙalau, a nan na shimfiɗa katifa. Gobe zai fara sauke rufin, ina zaune ina kallonsa.

Wanda zai zo a cikinku ya zo da kayan da ba ya tsoron su yi datti. Wanda kuma magana zai kawo, ya yi zamansa, ina jin gaisuwarsa daga nan.

Mahaifiyarku.