Katin Shekarar Ɗana Ya Daina Aiki Ranar Asabar

Zuwa ga Manajan gidan wasan yara da ke hanyar Azuba, Lafia.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ba ka nan. Na bar lambar wayata, ba a kira ni ba. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, don na san ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a Akurba. Ɗana Abdulhakim shekararsa shida, kuma har yau bakinsa bai buɗe sosai ba. Ba ya son taro, ba ya son a sauya masa abin da ya saba. Likita ya ce mu riƙa kai shi cikin yara a hankali. Mun gwada wurare da dama yana ihu muna dawowa, sai a wurinku ya zauna. A cikin ramin ƙwallayen nan masu launi ya fara miƙa wa wani yaro abu da hannunsa. A nan kuma na fara jin ya ce "kuma", wato a ƙara masa zamiya.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Wata biyu na yi ina sayen tikitin shiga ɗaya, naira dubu biyu da ɗari biyar. Ma'aikaciyarku ta ba ni shawarar katin shekara na naira dubu sittin, ta ce kowace rana ne, har Asabar da ranakun hutu. Ban yi gaggawa ba. Na zauna da biro na lissafa: sai na je sau ashirin da huɗu kafin kuɗina ya fita, abin da ya biyo baya shi ne riba. Mahaifinsa ya ce mu tsaya a kan tikiti, ranar da muke da shi mu je, ranar da babu mu zauna. Ni na dage, domin tikiti yana nufin wani makon zan ce wa yaron nan babu, shi kuwa bai san babu ba. Kwasar adashena na kawo muku. Rasit ɗin yana hannuna, kuma a bayan katin an rubuta kowace rana.

Na biyu. Sau goma sha ɗaya muka shiga da katin. A Asabar ta goma sha biyu muka sauka daga keke ƙarfe goma na safe. Abdulhakim ya cire takalmansa ya sa safa tun a bakin ƙofa, kamar yadda ya saba. Yarinyar da ke kantar sayar da tikiti ta karɓi katin, ta mayar mini, ta nuna wata takarda da aka liƙa a bango: masu katin shekara daga Litinin zuwa Alhamis ne, goma zuwa huɗu. Mai son Asabar sai ya ƙara dubu ɗaya da ɗari biyar. Ba a aiko mana da saƙo ba, ba a faɗa mana a makon da ya wuce ba.

Kuɗin keken komawa kawai ke cikin jakata. Na roƙe ta, ta ce umarni ne daga sama. Masu tikiti suna wuce mu suna shiga. Ɗana yana hangen ƙwallayen ta gilashi. Ya ja hannuna, ya sake ja, sannan ya fara buga goshinsa da ƙofar. Na rungume shi ta baya yana fizgewa, mai gadi yana cewa mu matsa mun tare hanya, iyaye suna janye 'ya'yansu. Wata mata da ban sani ba, da 'yan biyunta, ta ajiye kuɗin ƙarin a kan kantar ta ce a bar shi ya shiga. Allah ya saka mata. Amma, ranka ya daɗe, ni da na biya shekara guda, sai da aka yi mini sadaka a ƙofarku. Ya shiga da kumburi a goshi, bai taɓa ko ƙwallo ɗaya ba, muka fito.

Na uku. Litinin zuwa Alhamis, goma zuwa huɗu, ina aji, shi ma yana makaranta. Wane yaro kuka sayar wa waɗannan awoyin? Idan na riƙa biyan ƙarin kowace Asabar, sai na kashe fiye da abin da na biya tun farko. Na san man janareta ya yi tsada, na san Asabar ce ranar cinikinku. Ku sauya farashi ga masu saye gobe, ba wanda zai hana ku. Amma wanda ya riga ya biya, a kan sharaɗin da ya gani ya biya.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ku bar tsofaffin katuna su yi aiki yadda aka rubuta har wa'adinsu ya cika. In ba za ku iya ba, ku cire kuɗin shiga goma sha ɗaya, ku mayar mini da dubu talatin da biyu da ɗari biyar. Kuma kada a hukunta yarinyar da ke kantar tikiti, idonta ya cika da hawaye tana ba ni haƙuri.

Ga 'yan'uwana iyaye: kafin ku ɗauki katin shekara, ku sa a rubuta muku ranaku da awoyi, a sa hannu. In an ƙi, ku tsaya a kan tikiti.

Asabar mai zuwa, ƙarfe goma, zan zo da katin da rasit. Ni kaɗai zan zo. Ba zan sake tsayar da yaron nan a wannan ƙofa ba sai na tabbata za a buɗe masa.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya raya maka naka 'ya'yan, ya sa ka duba wannan magana da idon uba.

Wassalam.

Maman Abdulhakim,
Akurba, Lafia.