Ni na yafe ƙafar da ba tawa ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa, ina fatan kowa ya tashi lafiya. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan kira ma ba na gaskiya ba ne. Lakwal, wato makarantar boko, ban gama ta ba na shiga tasha, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri. Na kuma san halinku a nan, mutum yana buɗe baki a hau shi da zagi. Ku bari in kai ƙarshe tukuna. Shawara na zo nema, zagi ina da shi a gida, ni nake yi wa kaina.

Ni direba ne a Damagaram, na haura hamsin. Asalinmu wani ƙauye ne wajen Tirmini, a bakin babbar hanya. Ubanmu ya daɗe da rasuwa, ni ne babba, ƙanena namiji ɗaya ne, mu ce masa Idi. Shi ya zauna ya riƙe gona, ni na shigo birni. Lokacin da abin nan ya faru na daɗe ba mota a hannuna, kamasho nake yi a tasha, ina ihu cikin rana ina cika wa waɗansu mota, waɗanda ni na koya musu riƙe sitiyari, su jefo mini ɗan abin da suka ga dama ta taga. Wanda bai taɓa saukowa daga kujerar direba ya koma ihu a ƙasa ba, ba zai gane abin da nake faɗa ba. Ba wai ina wanke kaina ba ne. Ina gaya muku inda aka same ni ne.

Wata rana aka kira ni wai mota ta buge Idi a bakin kwalta yana dawowa daga gona, ta gudu, amma Allah ya taimaka motar wani Alhaji mai motocin haya a tasharmu ta tsince shi ta kawo shi asibiti. Na ruga. Na same shi bai san inda kansa yake ba, ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba kyan gani, ƙashi ya huda fata ya fito. Da na fito waje sai ga motar Alhaji a tsaye, farar hiyas ta fasinja, ɗansa da yake tuƙa ta yana tsugune a gefenta, mutane suna ta sa masa albarka wai ya yi aikin lada. Ni kuwa sau ɗaya na kalli gaban motar. Fitilar dama ta fashe, koren ƙarfen da aka yi mata a gaba ya lanƙwashe, kuma akwai yagen shuɗin yadi maƙale a jikinsa. Rigar Idi ce. Ni na ba shi ita.

Alhaji ya ga na gani. Ya kama hannuna ya ja ni gindin wata bishiya, ya ce, "Malam, kai babba ne, kuma direba ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Yaron nan ba shi da permin tuƙi. Asiransin motar, wato inshora, ya ƙare ban sabunta ba. In jandarma suka rubuta, da ni da shi mun shiga uku, kuma ɗaure ɗana ba zai miƙe ƙafar ɗan'uwanka ba."

Na ce, "To Alhaji, me kake so?"

Ya ce, "Abin da muka tarar iyayenmu suna yi. Babban gida ya ce ya yafe, magana ta mutu. Motar nan kuma tana neman direba mai hankali, ka ga abin da yaro ya yi da ita."

Ko hannu bai sa a aljihu ba. Makulli kawai ya ɗaga mini. Kun san me ya fara zuwa raina? Ba Idi ba. Kujerar nan na tuna, da yadda zan shigo tasha in danna oda waɗanda suke jefo mini kuɗi su matsa. Da jandarma suka zo na tsaya gabansu na gyara murya na ce, "Ni ne babban wansa, ni ne ubansa. Ba mu san motar ba, ba mu da ƙara, ƙaddara ce. Ko wane ne mun yafe masa duniya da lahira." Wani dattijo a wurin har ya dafa kafaɗata ya ce irinmu sun yi ƙaranci. Jandarma ya ce to, amma in mai ciwon ya farfaɗo za su dawo su ji ta bakinsa.

Wannan dawowar ce ta hana Alhaji sakat. Ya ce mini muddin Idi yana kwance a asibiti, likita zai rubuta irin raunin, jandarma za su zo su yi ta tambaya, wa ya san abin da zai tuna? A fitar da shi a kai shi wajen mai ɗori, can nesa. Na je na ce zan ɗauki ƙanena. Majon da ke kula da ɗakin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata Kirista 'yar nan garin, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam, wannan ba karayar ɗori ba ce. Ƙashi ya fito, ƙasa ta shiga ciwon, aiki za a yi masa. In ka fitar da shi, ƙafar nan ba za ta dawo mana da rai ba." Na ce mata, "Ku ai yanka kuka iya, mun san ku." Matar Idi, Hajara, tana kuka ta ce, "Yaya, a bar shi a nan mana." Na ce, "Ke tun yaushe kika zama mai magana a gidanmu?" Ta koma gefe. Wa zai ja da babban wa?

Wani ƙauye wajen Hamdara na kai shi. Shi kansa mai ɗorin da ya kwance tsumman ya gani sai ya girgiza kai ya ce shi karayar da fata ta rufe yake ɗorawa. Na matsa masa, na ce mun yarda, ya yi kawai. Ya ja ƙafar, Idi yana ihu, ya jera kara ya ɗaure tam. Da na koma dubiya tun daga zaure na ji warin. Yatsun sun yi baƙi, ƙuda sun rufe zanen, Hajara tana korarsu da faifai. Idi ya ce, "Yaya, ba na jin yatsuna." Na ce, "Ɗorin ne yake kamawa, kai ba namiji ba ne?" Na sani. Wallahi na sani, na ga irin wannan a hanya ba sau ɗaya ba. Amma na lissafa cewa jandarma ba su gama mantawa ba tukuna, sai na ajiye musu sukari da sabulu na juya. Sai da zazzaɓi ya fara sa shi sambatu, mai ɗorin ya aiko cewa in zo in ɗauki mutumina kada ya mutu masa a gida, sannan na mayar da shi asibiti. Sama da gwiwa suka yanke. Majon nan ta wuce ni a baranda, ta kalle ni.

Motar kuwa na karɓa. Ni da hannuna na kwance koren ƙarfen na sayar wa maƙera, na sa sabuwar fitila. Ita nake tuƙawa har yau, kuma hanyar ƙauyenmu ce hanyata.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Da dungun ya warke, Idi ya dage sai ya je ya gode wa mutanen da suka tsince shi. Ya sa Hajara ta kama zabbinsa biyu da suka rage. Ni na ɗauko shi, a motar, a kujerar gaba, yana shafa kujerar yana cewa Allah ya sa albarka a wannan mota, ba don ita ba da a bakin hanya zai mutu. A zauren Alhaji ya ajiye sanduna ya zube ƙasa, don tsuguno ba ya yiwuwa gare shi. Alhaji ya ce, "Haba Malam Idi, ai kowa ya gan ka a hanya haka zai yi." Ya karɓi zabbin. Ya kira ɗan nasa ya ce ya zo a sa masa albarka. Idi ya riƙe hannun yaron da hannu biyu yana yi masa addu'a yana hawaye, ni ina tsaye ina cewa amin. Da yamma Alhaji ya aiko mini da zabo ɗaya a soye. Na ci. Ba zan yi muku ƙarya ba, har ƙashin na tauna.

Yanzu gonar, Hajara ce take fama da ita, rabi ya koma ciyawa. Idi yana zama a bakin kwalta yana tufka igiya, in na zo wucewa ya ɗaga mini hannu. Wani lokaci in tsaya in sauke masa tiyar shinkafa, wani lokaci in taka mota in yi kamar ban gan shi ba. Kuma ku ji wani abu, tunda na ce zan faɗi duka: akwai ranakun da haushinsa nake ji. Me ya sa sai a bakin hanyata zai zauna? Me ya sa ba ya daina gode mini? Wane irin mutum ne yake jin haushin wanda ya cuta? Ga shi nan, ni ne.

Da haka za a ci gaba da ba don rediyo ba. Idi ya ji wata aboka, wato lauya, tana bayani a wani shiri cewa wanda mota ta raunata yana da haƙƙin diyya, kuma yafiyar wani ba ta kashe haƙƙin mai ciwo. Da na tsaya wajensa ya ce in zauna. Ya ce, "Yaya, wai da gaske kai ka ce wa jandarma mun yafe?" Na ce eh, don a huta da wahalar hukuma. Ya dube ni ya ce, "Wa ya aike ka? Ƙafarka ce?" Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kaina ya yi zafi na ce, "Gurgu da kai har ka samu bakin tuhumata? Shinkafar da kake ci wa yake kawo ta?" Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya." Shi ya ba ni haƙuri.

Amma bai bari ba. Ya jinginar da gonar ubanmu ya shigo birni ya sami aboka. Aboka ya ce za a iya tayar da maganar, sai dai dole a gano motar, kuma abin yana da wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Hajara ta bi gida gida har ta sami wata mai fura da ta ce ta hango motar ran nan daga nesa, fara ce mai koren ƙarfe a gaba. Shi ne Idi ya kira ni ya ce, "Yaya, babu motar da ke bin hanyar nan da ba ka sani ba. Ka taimake ni ka gano mini ita. Ba ɗaure kowa nake so a yi ba, so nake yarana su ci abinci ba da roƙo ba."

Na tafi wajen Alhaji na gaya masa. Dariya ya yi. Ya ce, "Malam, wa ya yi wa jandarma ƙarya? Wa ya fitar da shi daga asibiti? Wa ya kwance ƙarfen? Makullin a hannun wa yake? In ka buɗe baki, cewa zan yi kai kake tuƙi ran nan, kuma ina da masu rantsuwa a tasha. Kai ka kaɗe ƙanenka ka ɓoye. Ka je ka ga wanda za a yarda da shi." Da ya ga na yi sanyi sai ya sassauta murya ya ce akwai hanya mai sauƙi. Akwai wani direba, mu ce masa Sale, ya rasu a hatsari wajen Garagumsa, motarsa fara ce kuma ta ƙone ƙurmus. Ya ce, "Ka ce ka bincika, Sale ne. Matacce ba ya zuwa gaban alƙali." Sale abokina ne, da ni aka ɗauki makararsa. Ya bar mata da yara a Zango, ba abin da ya bar musu sai cewa ubansu mutumin kirki ne.

Ranar kasuwa mai zuwa Idi zai zo tasha tare da aboka su ji abin da na gano. In na faɗi gaskiya, motar ta tafi, ni in tafi gidan kaso, wataƙila ma da laifin da ba ni na yi ba, kuma ina da iyali, wa zai riƙe su? Ga Idi zai san wanda ya zaunar da shi a kujerar nan ya kai shi godiya. In na ce ban gano komai ba, wa'adi ya wuce, gonar ta bi ƙafar. Na yi ta juya abin a raina, kuma ba zan yi muku daɗin baki in ce gaskiya ce ta fi ƙarfi ba. Sunan Sale ne ya fi zuwa bakina, har na gwada faɗinsa ni kaɗai a cikin mota na ji ya fita sumul.

Malamai da masu sanin shari'a da ke cikin shafin nan, akwai hanyar da Idi zai sami haƙƙinsa ba tare da an binne ni ba? In babu, ku faɗa mini ƙiri-ƙiri. Zai zo da sandunansa ya tsaya a gabana ya ce, "Yaya, motar wa ce?" To ni me zan yi?